Tsakanin Sefa, Naira da Kirifto: Wa Ke Riƙe da Kuɗinmu?

Laccar da aka gabatar a garin Geceme, ƙasar Arewa, jihar Doso



 

An nemi in yi bayani a kan abin da yaranmu ke kira kirifto, wato kuɗin intanet, wanda ba a buga shi a takarda, ba a ƙera shi da ƙarfe, sai dai lamba a cikin salula. Na san abin da ya jawo wannan buƙata. Uba yana ganin ɗansa ya duƙufa a kan waya dare da rana yana danne-danne, in ya tambaye shi sai ya ce mainin yake yi, jira yake ta fashe. An ji labarin wanda ya sayi babur da abin, an kuma ji labarin wanda ya sayar da sa ya zuba, ko igiyar bai sake gani ba. Duka biyun suna faruwa. Kafin mu shiga cikin salula, ina so mu fara leƙa aljihunmu, domin wanda ya gane kuɗin da ke hannunsa ba zai sha wuyar gane wanda ba ya gani ba.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Daga nan zuwa ƙasar Kabi tafiyar babur ce. Wanda ya kai wake ko dabba kasuwar Bacaka, ko Kangiwa, ko Kamba, da naira za a biya shi, amma idan ya dawo gida, haraji da kuɗin maganin ɗansa da sefa zai biya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san naira nawa ake canza jika, wato sefa dubu, yau, ta kuma san jiya ba haka aka canza ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ma'aikata da yawa a Yamai ba su kai ta saninsa ba.

Kakanninmu da wuri suka yi ciniki. Daga tsibiran Maldibis, can cikin tekun Indiya, ake kwaso shi, ya ratso teku da hamada kafin ya iso kasuwanninmu. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya ta azurfa. Abin da ya riƙe darajar wuri shi ne wahalar samunsa. Da ƴan kasuwar Jamus suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa ciko jiragen ruwa suna saukewa a Ikko da sauran tashoshin gaɓa, sai ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ta kai kuɗin dakonsa zuwa wuri mai nisa na neman cinye kayan. Wanda ya tara buhunan wuri a rumbu bai yi laifin komai ba, amma dukiyarsa ta narke saboda abin da wasu suka yi a inda bai taɓa zuwa ba.

Dattawan da ke zaune a nan gaba sun ga irin wannan da idonsu. A farkon shekarun 1980, naira ɗaya a farashin hukuma ta fi sefa ɗari uku, mai naira shi ne mai kuɗi. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a kai tsofaffin banki, ta kuma rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Ƴan kasuwarmu da ke ajiye da naira a gida suka wayi gari da takardun da ba sa sayen ko goro. Abin ya haɗu da fari, shi ya sa har yau yunwar wannan shekara ake ce mata El-Buhari. Bayan shekara goma, a watan Janairu na 1994, aka zauna a Dakar aka karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100 a dare ɗaya, magani da taki da kayan gyaran mota duk suka tashi. Sai kuma na baya-bayan nan da yara ma suka shaida. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mai dabba ya kai kasuwa ya rasa mai biya, sai da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta sa baki a watan Maris. Ba mu gama farfaɗowa ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sauko mana: aka rufe iyaka, aka tsare kuɗin gwamnati da ke babban bankin BCEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, mutum ya je banki a Doso ko Yamai a ce ga iyakar abin da zai iya cira daga cikin kuɗinsa na kansa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage.

A duk waɗannan, ba wanda ya tambayi mutumin Geceme. A Ikko, ko Dakar, ko Abuja aka yanke shawara, mu a rediyo muka ji. Saboda haka idan yaro ya ce yana son kuɗin da ba gwamnatin da za ta canza masa launi ko ta kulle shi, ina roƙon iyaye kada su ce ya haukace. Damuwarsa tana da tushe. Abin tambaya shi ne ko kirifto ya cika wannan alkawari, kuma ga wa ya cika shi.

A ƙarshen Oktoba na 2008, lokacin da manyan bankunan Amurka ke durƙushewa, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da wata ƴar takarda mai shafi tara, ya bayyana yadda mutum biyu za su biya juna ta intanet ba tare da banki a tsakani ba. Ranar 3 ga Janairu 2009 abin ya fara aiki, sunansa Bitcoin. Iyayenmu mata za su fi kowa saurin gane dabarar, domin sun san adashe. A adashe, uwar adashe ce ke riƙe da lissafi, ita ta san wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Idan mai gaskiya ce an huta, idan ta ci amana ko littafinta ya ɓace, rigima ta tashi. To ku ɗauka kowace ƴar adashe tana da nata kwafin littafin, duk zubin da aka yi sai an shelanta kowa ya rubuta, kuma kowane shafi ana rufe shi da wata alama da aka lissafo daga shafin da ya gabace shi. Wadda ta so goge wani tsohon layi, sai alamomin duk shafukan da suka biyo baya su ƙi dacewa, sauran su gane nan take. Wannan littafi da ke hannun dubban kwamfutoci a duniya shi ake kira bulokcen. Fasaha ce ta gaske, kuma cikin shekarun nan duka ba a samu wanda ya ƙara wa kansa kuɗin ƙarya a littafin Bitcoin suka ɗore ba.

Kusan kowane minti goma ake rufe sabon shafi. Manyan injuna ne ke tseren warware wani lissafi, wanda ya riga shi ke rufe shafin, a ba shi ladan sabbin Bitcoin. Wannan shi ne mainin na ainihi. Ladan ya fara da 50, ana raba shi biyu kusan duk shekara huɗu, tun Afrilu 2024 ya koma 3.125, kuma an tsara adadin Bitcoin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. Injunan suna jere ne cikin manyan rumbuna a Amurka da wasu ƙasashe masu wuta mai araha, wutar da suke sha a shekara kuwa ta ninka wadda Nijar gaba ɗaya ke sha ninkin ba ninkin. Samari, ku riƙe wannan da kyau: babu salular da ke haƙo Bitcoin a Geceme, ko a Kano, ko a ko'ina. Zan dawo kan abin da kuke dannawa.

Ƙayyade adadi ya hana abin da ya sami wuri, amma bai sa farashi ya zauna ba. A Nuwamba 2021 Bitcoin ɗaya ya kai kusan dalar Amurka 69,000. Bayan shekara ɗaya ya faɗo ƙasa da 17,000. A Disamba 2024 ya haye 100,000. Mai kuɗin da zai iya mantawa da su shekara biyar yana iya jure wannan hawa da sauka. Manomin da ya sayar da wake a kaka domin ya sayi gero a bazara ba zai iya ba, domin ranar da cikin gidansa ya buƙaci hatsi dole ya sayar, ko farashi na sama ko na ƙasa. Aikin kuɗi uku ne a wurin masana tattalin arziki: a yi ciniki da shi, a auna farashi da shi, a ajiye dukiya a cikinsa. Abin da zai iya rasa kashi uku cikin huɗu na darajarsa a shekara guda ba a yanka farashin tiya da shi.

Shi ya sa abin da ƴan kasuwa suka fi amfani da shi a yankinmu ba Bitcoin ba ne, wani ne da ake kira USDT, wanda kamfanin Tether ke fitarwa tun 2014, da alkawarin kowane ɗaya daidai yake da dalar Amurka ɗaya. Ɗan kasuwar da ke son biyan kaya a Sin ko Dubai, banki ya hana shi dala, sai ya ba wani naira, a tura masa USDT, ya aika cikin mintuna. Wannan amfani ne na zahiri, ba zan rage masa komai ba. Amma a nan uwar adashe ta dawo. Kamfani ne ke cewa yana ajiye da dalolin, kai ba ka gani ba. A 2021 wata hukumar Amurka ta ci Tether tarar dala miliyan 41 saboda abin da ya faɗa game da ajiyarsa bai cika gaskiya ba. Kamfanin kuma yana da ikon daskarar da kuɗin kowane asusu, yana kuwa yin haka idan hukumomi suka nema. Akwai wani makamancinsa mai suna TerraUSD da shi ma ya yi alkawarin zama daidai da dala, a watan Mayu 2022 ya rushe cikin mako guda, dukiya ta kusan dala miliyar 40, wato biliyan 40 a faɗar mutanen Najeriya, ta bi iska.

Maƙwabtanmu sun riga mu shiga wannan ruwa, ya kamata mu dubi yadda suka kwashe. A Fabrairu 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto. Cinikin bai tsaya ba, sai ya koma hannu da hannu, wanda suke kira P2P. A ranar 25 ga Oktoba na wannan shekara gwamnati ta fito da nata kuɗin intanet, eNaira, na farko irinsa a Afirka, amma jama'a ba su karɓe shi ba, domin naira ce dai, kuma nairar suke gudu. A Disamba 2023 aka janye hanin. Wata biyu bayan haka, da naira ta yi mummunar faɗuwa, gwamnan babban bankin, Olayemi Cardoso, ya ce dala miliyar 26 sun bi ta kamfanin Binance a Najeriya cikin shekara ɗaya ba a san masu su ba. Aka tsare manyan ma'aikatan kamfanin biyu a Abuja, ɗaya ya tsere, ɗayan, Tigran Gambaryan, sai Oktoba 2024 aka sake shi, Binance kuma ya daina karɓar naira. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari. Cikin shekara huɗu an hana, an yi kishiya, an kama, an dawo an yi doka. Duk wanda ya ce muku gwamnati ba ta iya taɓa kirifto, ku tambaye shi ta ina zai mayar da shi sefa ko naira ranar da zai sayi buhun shinkafa. Littafin yana intanet, amma ƙofar shiga da ta fita suna ƙasa, a nan kuwa hukuma na iya tsayawa.

Akwai wani bambanci tsakaninmu da su da samarinmu ba sa lura da shi idan suna sauraron ƴan Kano da Sakkwato a TikTok. Ɗan Najeriya yana neman USDT ne saboda tsadar kaya a ƙasarsa ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, nairar da ya ajiye tana narkewa a hannunsa. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, tun 1999 ba ta motsa ba. Wannan ɗauri yana da illarsa, kuma gardamar da ake yi a kansa gardama ce mai kyau: kuɗin da aka kafa tun Disamba 1945, zamanin mulkin mallaka, wanda har yanzu Faransa ce ke tsaya masa. Amma ga mai ajiyar jika hamsin, ɗaurin ya sa sefarsa ba ta zube irin zubewar naira ba, shi ya sa yau ƴan kasuwar ƙetare ke neman sefa ido rufe. Ciwonmu daban ne. Mu abin da ke damunmu shi ne yadda ɗan cirani a Kwatano, ko Lome, ko Akara, ko Libiya zai aiko wa mahaifiyarsa kuɗi ba a yanke masa da yawa ba. Bankin Duniya ya nuna aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari. A nan kirifto zai iya taimakawa, musamman daga ƙasashen da hanyoyin banki suka toshe. Sai dai tsohuwa ba za ta ci USDT ba, dole a sami wani a Dogon Dutsi ko Gaya da zai ba ta tsabar sefa, shi ma da ladansa. A cikin gida kuwa, Nita da Amana da Al Izza da kuɗin salula na kamfanonin waya suna yin aikin, suna da ofis da za ka je ka yi ƙorafi, suna da rasit. Wanda zai bar su ya koma kirifto, ya fara lissafa abin da zai rage masa bayan an canza sau biyu.

Yanzu ga maganar danne-danne. Pi Network ya fara a Maris 2019, wasu da suka yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka suka kafa shi. Shekara da shekaru mutane suna danna maɓalli kullum, har aka riƙa yaɗa cewa Pi ɗaya zai kai dala 314,159. Wannan lamba ba kasuwa ce ta yanka ta ba, masu fata ne suka ƙirƙiro ta. Da aka buɗe cinikinsa a 20 ga Fabrairu 2025 ya taɓa kusan dala 3, daga baya ya sauko ƙasa da dala ɗaya. Hamster Kombat na Telegram ya ce yana da ƴan wasa miliyan 300, da aka yi rabo a Satumba 2024 akasarin mutane abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Wasu ƙalilan sun samu, musamman waɗanda suka shiga da wuri ko suka jawo mutane da yawa, labarinsu kuma shi ake ta maimaitawa. Masu waɗannan manhajoji suna samun nasu daga tallace-tallacen da kuke kallo da kuma yawanku da suke nuna wa masu zuba jari. Ban ce zamba ce duka ba. Amma yaron da ya bar noman rani a fadamar Dallol Mawri, inda rake da rogo da kayan lambu ke ba da kuɗi a hannu, ya zauna jiran fashewa, ya yi ciniki mai tsada. Wani abin da ya fi damuna shi ne hoton katin ɗan ƙasa da hoton fuska da ake turawa da sunan tantancewa, har wasu na sayar da nasu a kan jika biyu ko uku. Wanda ya sayi sunanka zai buɗe asusu da shi, in ya yi zamba, kai jandarma za su nema.

Mafi muni su ne masu cewa kawo kuɗinka mu juya maka. Wannan tsohuwar cuta ce da ta sake riga. A Benin, ICC Services ya kwashe fiye da sefa miliyar 100 na talakawa kafin ya rushe a 2010, ba kirifto a ciki. MMM ya daskare a Najeriya a Disamba 2016. A Afrilu 2025 CBEX, wanda ya ce na'ura mai basira ce ke yi masa cinikin kirifto, ya kuma yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe, mutane suka fasa ofishinsa a Ibadan ba su tarar da kuɗinsu ba. Mu yi lissafin tare, ɗaliban lise su taya ni. Jika goma idan tana ninkuwa duk wata, bayan shekara ɗaya ta zama kusan sefa miliyan 41. Bayan shekara biyu ta kusa miliyar 168. Kafin shekara uku ta cika, ta wuce duk dukiyar da ƙasar Nijar ke samarwa a shekara nesa ba kusa ba. Wanda ke da irin wannan sana'a me zai yi da jikarka goma? Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sabbin shiga suka ragu sai a rufe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin baƙin cikin shi ne ba baƙo ke kawo ta gari ba, ɗan'uwa ne, wanda aka biya shi sau ɗaya ko biyu ya gaskata, ya jawo surukinsa da abokin sallarsa. Idan ta rushe, kuɗi sun tafi, zumunci ya bi su. Duk inda aka ce riba tabbas ce, aka kuma ce ladanka na ƙaruwa idan ka kawo mutum, ku tashi daga wurin, ko da ayar Alƙur'ani aka buɗe taron.

Ga wanda duk da haka ya ga yana da dalilin shiga, maganar tsaro ba ta da sassauci. Walat ɗin kirifto yana da kalmomi 12 ko 24 da ake ba ka ranar da ka buɗe shi. Duk wanda ya san su, kuɗin nasa ne. Ba wani ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai tambaye ka su, wanda ya tambaya ɓarawo ne. A rubuta su a takarda a ɓoye, kada a ɗauke su hoto, kada a tura su ta WhatsApp, kada a bar su cikin wayar da ake kai wa mai caji ko mai gyara. Idan ka tura kuɗi adireshin da ba shi ba, babu mai dawo maka da su, domin rashin gogewar da muka yaba ɗazu ta shafi kuskurenka ma. A cinikin hannu da hannu, kada ka saki naka don an nuna maka hoton rasit, sai ka ga kuɗin sun shiga asusunka. In kuwa ka ce za ka bar su a hannun babban kamfani ya tsare maka, ka san manya ma suna faɗuwa. Mt. Gox na Japan ya rushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000. FTX ya rushe a Nuwamba 2022, mai shi, Sam Bankman-Fried, aka ɗaure shi shekara 25 saboda ya taɓa kuɗin masu ajiya. A Fabrairu 2025 aka sace kusan dala miliyar ɗaya da rabi daga Bybit, hukumar FBI ta ce ƴan kutsen Koriya ta Arewa ne. A ƙasashenmu na UEMOA sefa kaɗai doka ta sani a matsayin kuɗin biya, saboda haka wanda aka cuta a kirifto, hanyar neman haƙƙinsa tana da tsawo ƙwarai, mai laifin ma sau da yawa yana wata nahiya.

Na ji wasu samari masu kishin ƙasa na cewa, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, har shugaban mulkin soja na Nijar Janar Abdourahamane Tiani ya yi maganar kuɗin kanmu a Fabrairu 2024, me zai hana mu ɗauki kirifto mu huta? An gwada. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mayar da Bitcoin kuɗin doka a Afrilu 2022, a ƙasar da mafi yawan mutane ba su da wuta ba su da intanet, kafin shekara ta zagayo majalisarta ta janye. El Salbado da ta fara a 2021, ita ma a farkon 2025 ta cire tilascin karɓarsa. Ina cikin masu son mu mallaki kuɗinmu. Amma ƙarfin kuɗin ƙasa yana fitowa ne daga abin da take nomawa da ƙerawa da sayarwa, daga ajiyar da ta tara, da kuma haƙurin masu mulki kada su buga takarda duk lokacin da baitulmali ya bushe. Albasa da wake da dabbobi da yuraniyom da man Agadem su za su riƙe sabon kuɗi idan ya zo, ko a takarda yake ko a salula.

Malamaina, na bar ku a ƙarshe ne domin aikin da ya rage naku ne. Malaman duniya sun saɓa a kan wannan al'amari. Tsohon Babban Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da kamanninsa da caca. Majalisar Malaman Indonesiya a 2021 ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi. Majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Malesiya kuwa a 2020 ta halatta cinikinsa a kasuwannin da ke da rajista. Ni ba mai fatawa ba ne, roƙona shi ne kada a haɗa komai a kwando ɗaya. Wanda ya aiko wa uwarsa kuɗin magani da USDT daban, mai caca da hawa da saukar farashi daban, mai tara kuɗin mutane da alkawarin ninkawa daban. Idan aka ce duka haramun ne ba tare da bayani ba, yara za su daina tambaya, su ci gaba a ɓoye, mazambaci kuwa ɓoyon yake so.

Akwai kuma mas'aloli biyu da za su iso zaurukanku ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Ta farko zakka: wanda dukiyarsa ke cikin walat, farashinta na canzawa safe da yamma, da wane farashi zai auna nisabi ranar da shekara ta cika? Ta biyu gado, ita ce ta fi tsanani. Ɗan cirani ya rasu a Libiya ko a hanyar Agadas, ya bar mata da marayu, an san yana da ajiya a waya, kalmomin nan goma sha biyu kuwa shi kaɗai ya san su. Babu alƙali, babu sarki, babu kamfanin da zai iya buɗewa. Haƙƙin marayu yana nan a rubuce cikin littafin, kowa na iya ganin lambar, ba mai iya taɓawa har abada. Ina roƙon limamanmu su sa wannan cikin wa'azin wasiyya: duk mai irin wannan ajiya ya rubuta kalmominsa, ya rufe a ambulan, ya damƙa wa amintacce gaban shaidu biyu, tare da bayanin bashin da ke kansa da wanda yake bi. Rediyon gari kuma ya ware lokaci, ko sau ɗaya a wata, a riƙa karanta sunayen tsare-tsaren da hukumomi suka yi gargaɗi a kansu, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, tun kafin su iso kasuwanninmu.

 Masu tambaya su matso kusa, a fara ba iyayenmu mata dama.